Su wa ke zama a bizines kilas na jiragen araha? Na nemi datar, ga abin da na tarar



Bayan bidiyon da na yi kan manhajojin neman tikitin jirgi mai sauƙi, wani ƙanenmu da ke digiri na biyu a nan Ingila ya turo mini saƙo. Ya ce: "Yaya, don Allah ina zan samu data a kan mutanen da ke hawa bizines kilas a jiragen araha? Shekarunsu, sana'arsu, abin da suke samu." Wai yana son haɗa manhajar da za ta riƙa sanar da 'yan kasuwa da masu zuwa Umara idan kujerun gaba sun yi sauƙi. Shi ne aikinsa na kammala karatu, kuma har ya ware 'yan kuɗin da ya tara daga aikin dare zai zuba a ciki.

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka zama mako guda. Ra'ayin da na fito da shi kuwa shi ne: datar da yake nema, a siffar da yake nemanta, babu ita a fili, kuma duk wanda ya miƙo maka ita a shirye kyauta, ka bincike shi kafin ka gode masa. Wani ɓangarenta ya kamata a buɗe wa kowa, wani ɓangaren kuma gara da aka kulle.

Kujera daban, dalilin tafiya daban

Abin da ya fara rikita ni shi ne tambayar kanta. Mai zama a bizines kilas daban, mai tafiyar aiki ko kasuwanci daban, amma rubuce-rubuce da yawa a intanet suna cakuɗa su. Dubi Ryanair. A 2014 da suka fito da tikitin Business Plus, sun ce sama da kashi 25 cikin 100 na fasinjojinsu tafiyar aiki suke yi. Amma jirginsu Boeing 737-800 kujeru 189 ne, duk ikonomi, babu labule babu gado. Abin da tikitin ya ba ka shi ne jaka, da shiga jirgi da wuri, da damar sauya tafiya. In ka ɗauki wannan adadi ka rubuta cewa rubu'in fasinjojin jiragen araha suna bizines kilas, ka yi ƙarya ba tare da ka yi niyya ba.

Su ma masu kujerun gaban da gaske ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Kamfanin flydubai ya sa bizines kilas a 2013. JetBlue na Amurka ya fara Mint a 2014 tsakanin New York da Los Angeles, da kujeru 16 masu miƙewa su zama gado. AirAsia X na da irin waɗannan gadaje 12 a jiragensa A330. Zipair na Japan zai sayar maka da gadon, amma abinci kai za ka saya daban. IndiGo na Indiya sai a Nuwamban 2024 ya shigo da nasa mai suna Stretch, kujeru 12, tsakanin Delhi da Mumbai. Ga kuma flynas na Saudiyya, wanda alhazanmu suka sani sarai. Hausawa na cewa araha ba ta ado, to waɗannan kamfanoni ado suke sayarwa a kan araha, kowa da nasa salon. Don haka kafin ka nemi data, sai ka fara faɗin wace kujera kake nufi, a wane kamfani, a wace hanya.

Inda na leƙa

Na fara da Amurka, domin a nan aka fi sakin bayanai. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar sufurinsu, BTS, yana da T-100, wanda ke nuna yawan kujeru da fasinjojin kowane kamfani a kowace hanya. Akwai kuma DB1B, samfurin kashi 10 cikin 100 na tikitocin da aka sayar, wanda aka shafe shekaru ana fitarwa duk wata uku. Kyauta ne, kowa na iya saukewa, sai dai fayil ɗin na da nauyin da Excel ba zai iya ɗauka ba, sai ka haɗa da Python ko R. A ciki akwai kuɗin tikiti da harafin ajinsa. Matsalar ita ce kamfanoni ba sa cike gurbin ajin nan iri ɗaya, wanda ake saki kyauta na tafiye-tafiyen cikin Amurka ne, kuma babu shekaru, babu sana'a, babu dalilin tafiya. Tikiti yake ƙirgawa, bai san mai tikitin ba.

Sai na dawo gida Birtaniya. Hukumar jiragen sama ta nan, CAA, tana tura ma'aikata su tare fasinjoji a filayen jirgi irin su Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton da Manchester, su tambaye su dalilin tafiya, daga ina suka taso, shekarunsu da abin da suke samu. Wannan shi ne mafi kusa da abin da ƙanenmu yake so. Amma teburan da suke sakawa kyauta a dunƙule suke, fili-fili, cikakken bayanin kuwa saye ake yi. Ga shi kuma manyan jiragen araha da suka cika Stansted da Luton, wato Ryanair da easyJet da Wizz Air, an gina su ne a kan aji ɗaya. Ka samu mutanen, ka rasa kujerar.

Daga nan sai kasuwar masu kuɗi. OAG da Cirium suna sayar da jadawalin jirage da yawan kujeru. IATA na da nata tarin bayanan tikiti. Amadeus da Sabre da Travelport, waɗanda ejan-ejan na tafiye-tafiye ke yanka tikiti ta cikinsu, su ma suna sayar da bayanan abin da ya bi ta hannunsu. Farashin na kamfanoni ne, ba na ɗalibi ba. Ko da kana da kuɗin ma akwai rami: jiragen araha sun fi sayar da tikiti kai-tsaye a shafinsu da manhajarsu don su guje wa biyan kamasho, saboda haka yawancin cinikinsu ba ya bi ta wajen ejan balle a gan shi a can.

Flightradar24 fa? Na san da yawanku kuna da ita a waya, ni ma ina son ta. Amma siginar da jirgi ke watsawa take kamawa: inda yake, tsayinsa, gudunsa. Ba ta san ko mutum nawa ne a ciki ba. Taswirar kujeru da ake gani lokacin yankan tikiti ita ma ba hujja ba ce. Kujera na iya nuna babu kowa alhali mai ita bai zaɓa ba tukuna, wata kuma a toshe take don kamfani ya riƙe ta. Sannan wanda ka gani a kujerar gaba ba lallai shi ya biya cikakken kuɗinta ba. Wani tayi ya yi aka ɗaga shi, wani maki ya tara, wani ma'aikacin kamfanin ne, wani kuma baya ce ta cika aka matso da shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro

Da na gaji, sai na jefa tambayar ga ɗaya daga cikin manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira. Wallahi cikin daƙiƙa kaɗan ta zubo mini teburi tsaf, kashi kaza 'yan kasuwa, kashi kaza masu yawon buɗe ido, har da sunan rahoto da shekara. Na bi sunan rahoton nan lungu-lungu, ban same shi ba. Da na matsa mata, sai ta ce ai ƙiyasi ne. Da ƙanenmu ya kwafe wannan ya kai wa malaminsa, ko ya gina lissafin kuɗinsa a kai, kun ga inda za a kwana. Ƙa'idata a nan ba ta sauya ba: adadin da ba ka iya bin sawunsa har zuwa ainihin takardar da ya fito, kada ka ɗauka. Haka ma hotunan ƙididdiga masu kala-kala da ke yawo babu sunan wanda ya yi binciken.

To me ya kamata a buɗe?

A ganina hukumomin jiragen sama, har da na ƙasashen Gulf da na Afirka, ya kamata su tilasta a riƙa fitar da adadi a dunƙule: a wannan hanya, a wannan wata, kujerun gaba nawa aka tanada, nawa aka sayar, a kan matsakaicin farashi nawa. Kamfanoni za su ce sirrin kasuwa ne, kuma ban ce maganarsu ba ta da tushe ba, domin a 'yan kujerun nan riba mai kauri take. Amma manyan abokan gogayyarsu ai suna da kuɗin sayen bayanai. Wanda aka rufe wa ƙofa shi ne ɗalibi, da ɗan jarida, da matashi mai ƙaramin kamfani. Amurka ta daɗe tana sakin samfurin tikitocinta kuma kamfanoninta ba su rushe saboda haka ba.

Amma "wane ne" na ainihi, suna da fasfo da lambar waya da katin banki, wannan a bar shi a kulle. Kamfanin jirgi ya san duk waɗannan, kuma mun ga abin da ke faruwa idan suka zube. A 2018 an kutsa wa British Airways, bayanan mutane wajen 400,000 suka fita, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci su tarar fam miliyan 20 a 2020. A 2020 ɗin easyJet ya sanar cewa an taɓa bayanan mutum miliyan 9. Jerin sunayen masu zama a gaba jerin masu kuɗi ne da ranar da ba sa gida. Ku yi tunanin wa zai fi son irin wannan jeri.

Abin dariyar shi ne mu da kanmu muke raba wannan data kyauta. Da an ɗaga mutum zuwa gaba, sai hoton takardar shiga jirgi a sitatus, "Alhamdulillah, sai Jidda." Zanen bakod ɗin nan yana ɗauke da sunanka, da lambar tikitinka mai harafi shida, da kujerarka, kuma kowace waya na iya karanta shi. A 2020 tsohon firaministan Ostareliya, Tony Abbott, ya saka hoton tasa a Instagram, wani matashi mai suna Alex Hope ya bi ta nan ya gano lambar fasfonsa da ta wayarsa. In kuna son ɗaukar hoto, ku ɗauki kujerar da kofin shayin, ku bar takardar a aljihu.

Shawarar da na ba shi

Na ce ya rage tambayar ta zama wadda za a iya amsawa. Ya zaɓi hanya ɗaya da kamfani ɗaya ko biyu. Yawan kujeru lissafi ne mai sauƙi: in jirgi na da 12 a gaba kuma yana tashi sau biyu a rana, kujeru 168 ke nan a mako zuwa ɓangare ɗaya, kasuwar ba za ta wuce haka ba. Farashi kuma ya riƙa dubawa a Google Flights kullum a lokaci ɗaya, yana rubutawa, na tsawon wata biyu ko uku. Na gargaɗe shi kan rubuta ɗan shirin da zai riƙa kwasar farashi daga shafin kamfani ba izini, domin Ryanair ya sha kai masu yin haka kotu. Ya karanta rahotannin da kamfanoni ke ba masu hannun jari. flynas ya shiga kasuwar hannun jarin Saudiyya a 2025, don haka takardunsa a fili suke, haka na JetBlue da IndiGo. Ya kuma tambayi ɗakin karatun jami'arsa, wasu jami'o'in sun riga sun biya kuɗin irin bayanan da ake sayarwa, ɗalibai ba su sani ba.

Mutanen kuwa, sai ya je wajensu da kansa. Fom na Google Forms, tambayoyi goma, ba suna ba lambar waya, ya raba a ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu Umara, ya zauna da ejan biyu ko uku su gaya masa su wa ke tambayar kujerar gaba kuma a wane lokaci na shekara. Ya rubuta ƙarara cewa waɗanda suka amsa ba su wakilci duniya ba. Amsa ɗari biyu da ka san yadda aka tara su sun fi teburin da ba shi da asali, kuma su ne ma ainihin mutanen da yake son sayar wa manhajarsa. Kuɗin aikin daren nan kuwa, na ce ya bar su a banki tukuna har fom ɗin ya dawo.

In akwai wanda ya taɓa hawa kujerar gaba a ɗaya daga cikin jiragen nan, ya gaya mana a ƙasa: kai ka biya, ofis ya biya, ko ɗaga ka aka yi? A bidiyo na gaba zan nuna yadda ake sauke fayil ɗin BTS a buɗe shi ba tare da kwamfuta ta sandare ba.