Awar Zane Ba Ɓarnar Kaye Ba Ce

A taron iyayen yara da muka yi farkon shekarar karatun nan, wani dattijo ya miƙe ya dubi wata malama ya ce: "Malama, mun kawo maku ɗiyanmu su koyi karatu da lissafi, ba mu kawo su ɓata kaye da zane-zane ba." Aka yi ta tafi. Darakta ya gyaɗa kai, tun daga ranar aka soke awa guda da malamar ke ba ƴan ajinta duk Alhamis su yi zane. Ni ban tafa ba, ban kuma ce komai ba, don ba a yi mana tarbiyyar musu da dattijo a bainar jama'a ba. Sai dai abin ya tsaya mini a maƙogwaro har yau.

Dattijon ina yi masa uzuri, bai san abin da ke cikin ajin ba. Darakta kuwa ya sani. Akwai wata yarinya ƴar shekara takwas da uwarta ta gudo da ita daga wani ƙauyen bakin iyaka bayan ƴan bindiga sun shiga masu da dare. Wata uku tana lakwal ba wanda ya ji muryarta. An tsawata, an yi bulala, yara sun laƙaba mata bebiya. A awar zane ce ta fara motsi. Mako uku a jere abu guda take zanawa: ɗaki, rumbu, tumaki biyu. A na huɗu malama ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Gidan wa ne wannan?" Ta ce, "Na baba." Ta ce, "To ina baba?" Yarinyar ta ɗora yatsa a wurin da babu komai a takardar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Daga ranar ta fara magana, kaɗan-kaɗan. Wannan awar ce aka soke don a adana kaye.

Kada wani ya ce yarinya guda ce. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, aka zaunar da wasu a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori, ga kuma namu na ƙauyukan Gidan Runji da Madarunfa da suka bar gidajensu. Difa tana cikin wannan hali tun 2015. Mu tuna Afrilun 2021, da wuta ta cinye azuzuwan zana a Yamai ta kashe yara wajen 20, da ranar 8 ga Nuwamban shekarar da irinta ta faru a Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu. Mun yi gaisuwa, mun yi addu'a, mun yi maganar gina aji da bulo. Yaran da suka tsere da ransu, waɗanda suka ji kukan abokan zamansu fa? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Malami ya ƙirga kawunan da ke gabansa ya yi lissafin da kansa.

Yaro ba ya zuwa ya ce "ina cikin firgici." Sai dai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya riƙa zabura cikin barci, ya zama mai faɗa, ko karatun da ya iya jiya ya zube yau. Mu kuwa magani biyu muka sani. In namiji ne, taurin kai ne, a kawo bulala. In mace ce, iska ce. Ba ni ja da addu'a, kuma babu mai hankalin da zai ja da ita. Amma wanda ya karye ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wurin maɗori. Me ya sa karayar zuciya kaɗai ce za a ce wa mai ita "yi haƙuri" a tashi? Ɗan shekara shida ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ya gani, ko babba ma sai ya yi da gaske. Hannu yakan riga baki. In abin ya sauka a takarda, ya fita daga ƙirji ya koma abin da mutum biyu za su duba tare, su yi magana a kansa ba tare da an tsare yaro da ido ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa hanyar suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya sauƙaƙa masa, shi da sauran majinyata. A sansanin Terezin, lokacin yaƙin duniya na biyu, wata malama mai suna Friedl Dicker-Brandeis ta riƙa koya wa yaran Yahudawa da aka tsare zane. An kashe ta a 1944, amma zane fiye da 4,000 sun tsira cikin akwatuna biyu. Ga na kusa da mu: yaran Darfur da ke sansanonin gabashin Cadi, da aka ba su takarda da fensir mai launi, sun zana jirage da mahaya da ƙauyuka suna ci da wuta, har kotun duniya ta Hague ta karɓi wajen 500 daga cikin zanen a 2007 don su taimaka wajen fahimtar abin da ya faru.

Na san za a ce abin Nasara ne. Mai faɗin haka ya je unguwar Birni a Damagaram ya ɗaga kai ya dubi bangaye. Ya dubi zayyanar allon mai sauka, da lallen amarya, da zanen ƙwarya, da shanun laka da muka gina a bakin tabki muna yara. Wanda kuma yake ƙyamar zana abu mai rai saboda abin da malaminsa ya karantar da shi, ba sai an yi rigima ba: gida, itace, rijiya, dagi, launi zalla, duk suna aikin. Batun kuɗi ma ba hujja ba ce. Gawayi da bayan kwali sun isa, yashi da yatsa sun isa.

Yanzu bari in juyo kan namu, masu goyon bayan abin, don mu ma muna da laifi. Akwai malamin da ya je horon kwana uku wurin wata ƙungiya, ya dawo ya zama boka: ja jini ne, baƙi mutuwa ce, ƙaramin mutum a takarda alamar ana dukan yaro a gida. Ƙarya ce. Wataƙila jan fensir ne kaɗai ya rage a gwangwani. Mai zane shi ya san ma'anar zanensa, aikinka ka tambaya a hankali ka saurara. Akwai kuma mai tilasta wa yaro, "zana mana abin da ka gani daren nan." Wannan fama ciwo ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a zaunar da wanda masifa ta auka wa a sa shi ya zayyane komai a zama guda. Mafi muni shi ne mai ɗaukar hoton zanen yaro ya watsa a WhatsApp don a ce yana aiki. Sirrin yaro ne. Kuma yaron da ya daina ci, ko yake cutar da kansa, ko yake maganar mutuwa, ya wuce awar zane, na likita ne, ranar nan ba gobe ba.

Abin da malamar can ta yi daidai, wanda ya fi zanen kansa, shi ne ba ta riƙe maganar ita kaɗai ba. Ta je gida ta sami uwar. Suka zauna da malamin allon yarinyar da ma'aikaciyar asibitin unguwa, kowa ya faɗi abin da ya lura da shi, aka yarda a ajiye bulala, a bar fitila kunne da dare, a daina tambayarta labarin gaban baƙi. Ba wanda ya zo da hukunci daga sama, uwar ma da bakinta aka yanke shawara. A zaman ne aka gane ita kanta uwar rabonta da barcin kirki tun daren. Yanzu tana zama da wasu mata biyu suna saƙar faifai da la'asar, hannu na aiki, baki na buɗewa. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama shida kowane mutum, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Tsofaffi ne muka rasa a Tawa ko Tasawa? Ga samari a fada suna kashe damuwa da taramol, ga dattawan da aka kore wa garke suna zaune shiru a gindin bedi, duk ba mai tambayar su.

Taron iyaye na gaba yana nan tafe, kuma wannan karon zan miƙe. Zan roƙi a mayar da awar Alhamis. Zan ce da dattijon, "Baba, kaye na wuyana, ni zan saya. Abu guda nake roƙo: ka zo ranar Alhamis ka zauna a bayan aji, awa guda tak."