FILIN MATA: Ki San Abin Da Ke Cikin Kayanki

A wannan mako ina so mu yi magana a kan kayan matafiya, musamman a jirgin ƙasa.

Tun 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma mu mutanen Katsina sai dai labari. To, a watan Fabrairu na 1921 da shekara ɗari daidai, watau 2021, aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina, ya ƙetare iyaka ta Jibiya. Mu mata kuwa mu ne masu yawan bin wannan hanya, don ba a raba mu da biki da suna da ta'aziyya a tsallake. Saboda haka ya kamata mu san al'adar jirgi tun da wuri.

Jirgi ba mota ba ne. A tashar mota kina iya jayayya da ɗan kamasho har a ɗaure miki buhu da turmi da kaji a bisa, direba kuma ya jira ki ki koma gida ki ɗauko abin da kika manta. Jirgi ba ya jiran kowa. Waɗanda suka hau na Kaduna zuwa Abuja, wanda ya soma aiki a 2016, sun sani ana binciken kaya kafin a shiga, kuma tun da ya koma aiki a Disamba 2022 aka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa ake sayen tikiti. Abin da za ki shiga tarago da shi, shi ne wanda kike iya ɗauka da kanki, ki ɗora a kanta bisa kujera, ba ki tare wa mutane hanya ba. In kayan sun fi haka, kamar kayan gara ko na ɗaki, sai ki riga zuwa tasha ki tambayi ma'aikata yadda ake yi da su. In kin biya kuɗi, ki karɓi rasit ki adana. Fetur da kananzir da tukunyar gas kuwa, ki bar su gida, don wuta a tarago ba ta da wurin gudu. Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta rubuta sunanta da garinsu a jikin akwatinta, ciki da waje.

Har wa yau, a Jibiya doka biyu ce. Bayan ta masu jirgi, akwai ta 'yan kwastan a Magama, da ta 'yan duwan a Ɗan Isa, ita kuwa takan sake. A 2016 an hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa. A Agusta 2019 an rufe iyakar, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka kuma sāke rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Don haka abin da kika wuce da shi bara, ki tambaya bana.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar saƙo. Wata rana muna cikin mota za mu biki Maraɗi, kusa da ni akwai wata dattijuwa, za ta kai sa'ar kakata. Da muka isa kan iyaka aka ce kowa ya sauko ya tsaya a kan kayansa. Aka zo kan wani ƙulli nata, aka ce, "Baba, mene ne a ciki?" Ta ce, "Garin kunu ne, wani yaro ya ba ni a tasha in kai wa uwarsa." Da aka kwance, gari ne a sama, ƙasa kuwa ƙwayoyi ne na masu sa maye. Aka tambaye ta sunan yaron, ba ta sani ba. Gidansu, ba ta sani ba. Ta yi ta rantsuwa tana kuka, mu duka mun gaskata ta, amma motarmu ta tashi ba da ita ba. Har yau in na ga ƙullin gari sai ta faɗo mini a rai.

Na sani ɗaukar saƙo zumunci ne, kuma da shi muka tashi. Ba na ce a daina ba. Abin da nake cewa, doka ba ta san mai saƙo ba, wanda aka ga kaya a hannunsa shi ta sani. A jirgi kuwa abin ya fi, don ga taron jama'a, ga sauri, ga mai cewa, "Hajiya, riƙe mini jakar nan in yi alwala." Wanda ba ki sani ba, ki ba shi haƙuri. Wanda kika sani, ko ƙanin mijinki ne, ki ce, "Kwance mu gani, don in an tambaye ni in san abin faɗi." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ɓata rai kuwa, ya riga ya gaya miki abin da ke ciki.

Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a nan ba. Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa iyayenmu da kakanninmu wannan, don su aka fi yi wa irin wannan dabara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.