Sharhi: Bulon Ƙasa a Kasuwar Ƙananan Magina

Tun da farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya a farkon 2024, maganar komawa ga ƙasa a matsayin kayan gini ta sake tasowa, balle ga shi masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Bulon da ake magana a kansa ya bambanta da tubalin gargajiya da ake curawa da hannu a shanya a rana, domin jar ƙasa ake tankaɗewa, a gauraya ta da siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a danne ta a injin matsi, sannan a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa har ya yi ƙwari ba tare da an gasa shi ba. Bangonsa kan jinkirta shigar zafin rana cikin ɗaki, abin da mazaunin Kano ko Damagaram ya san darajarsa a bazara.

An riga an gwada ingancinsa, domin da shi aka kammala gidaje shida na Niamey 2000 a Yamai a 2016, waɗanda mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta suka tsara.

Cikas ɗin yana kasuwa ne. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya gina gida a tashi ɗaya; yakan sayi bulo ɗari yau ya jibge a fulotinsa, ya jira albashi ko kaka, har damina biyu ta wuce a kan bango marar rufi, alhali bulon ƙasa yana buƙatar harsashi mai tudu da rufin da ya zarce bango don kare shi daga ruwa. Mai buga bulo a bakin titi kuwa ya riga ya zuba jarinsa a ma'aunin bulon siminti, shi kuma birkilan da ake biya bisa yawan bulon da ya jera ba ya marmarin koyon aikin da zai rage masa sauri. Sai kuma sunan bulon kansa, domin ko a garuruwan da sarautar Sarkin Magina ke nan har yau, ɗan haya da ya ji an ce gidan ƙasa ne yakan nemi ragi tun bai leƙa ɗakin ba.