Kafin Mu Tafi Bakin Teku

Ba mu ƙi shawarar 'yan'uwanmu ɗalibai masu son a yi ayari zuwa bakin teku ba. Amma kafin a taɓa asusun ƙungiya, wajibi ne mu san abin da za mu gano. Masu ɗokin ganin duwatsun murjani a Ikko ko Badagiri su sani babu su a can, domin ruwan gaɓarmu ya cika laka. Sai an dangana da Bahar Maliya, wajen Jidda ko Sanganeb ta Sudan, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. To, ina ɗan talakan Ƙofar 'Yandaka zai sami kuɗin jirgi?

Abin kunya ma, murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Tarabulus, yawancinmu ba mu san daga halitta mai rai ya fito ba. Danginsa masu gina duwatsun nan zafin ruwa na kashe su. A 1998 an yi hasarar kimanin kashi 16 cikin ɗari a duniya.

Mu dai a ganinmu a tafi Badagiri a mota, tare da malamin kimiyyar halittu, ƙungiya kuma ta ɗauke wa marasa hali kuɗin tafiya.