Mu Da Motocinmu: Kada A Jira Sai Jar Fitila Ta Kama

A gaban kowane direba, a jikin allon nan da ke bayan sitiyari, akwai wata 'yar jar fitila mai siffar buta, da ɗigon mai a bakinta. Ita ce fitilar baƙin mai. Da yawa daga cikin masu motoci sun ɗauka aikinta shi ne ta shaida musu mai ya yi ƙasa, a ƙara in an sami sarari, kamar dai yadda fitilar fetur take yi. Wannan fahimta kuwa ta sha kashe injin da ba shi da laifin komai, ta raba magidanci da abin neman abincinsa. Saboda haka a wannan mako za mu duba abin da fitilar take nufi, da dalilin da ya sa tsohuwar mota take shan mai, da kuma abin da ya kamaci mai ita ya yi.

Da farko dai ya kamata a san yadda mai yake zagaya injin. Baƙin mai yana kwance ne a cikin wani kwano da ke ƙasan injin, wanda a yawancin ƙananan motoci yakan ci lita 4 ko sama da haka kaɗan. Da zarar an tayar da mota sai famfon mai ya zuƙo shi, ya bi da shi ta filta, sannan ya harba shi da ƙarfi cikin wasu ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Wurin da ya fi bukatarsa shi ne tsakanin kiranshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu, domin a can ba abin da ya raba ƙarfen biyu sai wani ɗan shafen mai wanda bai kai kaurin gashi ba. Muddin ƙarfin harbawar nan yana nan, ƙarfe ba zai taɓa ɗan'uwansa ba. In ya yanke kuwa, cikin 'yan mintoci kaɗan, wani lokaci ma ba a kai minti guda ba, sai metal su ƙone, injin ya buga.

To, jar fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin harbawar take aunawa. A yawancin motoci ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi zuwa wajen kashi 1 cikin 4 na abin da ya saba a kan tafiya, ko ma ƙasa da haka. Watau mota tana iya rasa rabin manta fitilar ba ta ce uffan ba, tunda har yanzu bakin famfo yana cikin mai. Sai ranar da man ya janye har famfon ya soma zuƙar iska sannan za ta kama, alhali kuwa an riga an shiga haɗari. Wanda ya dogara da ita don sanin lokacin ƙara mai, ihu bayan hari zai yi. Gaskiya ne wasu motoci, musamman ƙirar Jamus da wasu sababbi, suna da fitila ta biyu mai ruwan ɗorawa wadda take nuna raguwar man kansa. Wannan tana ba direba damar ya isa gidan mai mafi kusa ya ƙara. Amma ja ba ta ba da wannan dama.

Idan jar fitila ta kama ana cikin tafiya, abu guda ne ya wajaba: a sami gefen hanya inda ba haɗari, a tsaya, a kashe injin nan take. Kada a ce bari a ƙarasa gari na gaba, ko da ana hango shi. A dakata kamar minti 5 zuwa 10 mai ya koma kwano, a zaro geji a goge da tsumma, a mayar da shi har ƙarshe, a sake zarowa a duba. In mai ya yi ƙasa sai a ƙara, a tayar, a ga ko fitilar za ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In kuwa mai yana nan daidai amma fitilar ta ƙi mutuwa, to kada a sake tayar da motar, a nemo wanda zai ja ta. Kuɗin jan mota komai yawansa bai kama ƙafar kuɗin injin ba.

Yadda fitilar take kamawa ma yana ba da labari. Wadda take ƙiftawa a kan kwana ko lokacin taka birki, galibi mai ne ya yi ƙasa, yana gudu gefe guda yana barin bakin famfo. Wadda take ƙiftawa bayan injin ya yi zafi, mota tana tsaye a kan silo, amma ta mutu da an taka totur, tana iya nuna metal sun cinye, ko famfo ya gaji, ko ragar bakin famfo ta toshe da dauɗa, ko kuma man ya tsinke. Har ila yau yana yiwuwa ɗan makunnin fitilar ne ya lalace, wanda shi ne mafi arahar gyara. Ba a raba gardamar nan da ka. Bakanike na ƙwarai yakan kwance makunnin, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa, ya karanta ƙarfin man da idonsa. Wanda ya ce maka waya ce kawai, ya cire ta ko ya zare ƙwan fitilar, ya rufe bakin mai gadi ne ya bar ɓarawo a cikin gida.

Sai kuma tambayar da ta fi damun masu tsofaffin motoci, watau ina man yake tafiya. Hanya biyu ce: ko yana zuba, ko yana ƙonewa. Zuba ita ce mai sauƙin ganewa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da dare, da safe a duba. Wuraren da suka fi yoyo su ne gasket na murfin saman injin, da robobin da ke gaba da bayan kiranshaf, da bakin filta, da notin da ake kwancewa wajen juye. Robobin nan suna bushewa ne da shekaru da zafi, kuma canza yawancinsu ba wani babban aiki ba ne.

Ƙonewa kuwa ita ce mai wuyar sha'ani. Kowane fistin yana da ringi, kuma na ƙasansu aikinsa shi ne goge mai daga bangon silinda ya mayar da shi kwano. Idan ringin ya cinye, ko dauɗa ta maƙale shi, sai mai ya haura ya ƙone tare da fetur. Haka kuma robobin da ke wuyan bawul sukan taurare, mai ya riƙa tsiyaya ta nan. Akwai kuma wani ɗan bawul na numfashin injin, wanda in ya toshe yakan sa mai ya nemi mafita ta ko'ina, ga shi kuwa canza shi ba tsada. Hayaƙin salansa yana taimakawa wajen bambancewa. Shuɗin hayaƙi da safe wanda yake ɗaukewa bayan ɗan lokaci, galibi robobin bawul ne. Shuɗin hayaƙi lokacin da aka taka totur ko ana hawan tudu, an fi zargin ringi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne yake shiga. Sai dai a lura, mota tana iya ƙona mai ba tare da ido ya ga hayaƙi ba.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa abin gudu. Ƙurar hunturu in ta sami filtar iska a yage ko ba a rufe gidanta da kyau ba, sai ta shiga silinda ta riƙa cin ringi kamar yashi. Ga zafin bazara, ga cunkoson Legas da Kano inda injin yake aiki awa da awa mota ba ta motsa ba. Bugu da ƙari, yawancin motocin da ke hannun jama'a sun sha tafiya a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Wani lokacin ma daga ƙira ne. A 2011 kamfanin Toyota ya aika wa dillalansa na Amurka takarda a kan yawan shan mai a wasu motoci masu injin lita 2.4, cikinsu har da Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, irin wadda ta cika titunanmu. Ma'aunin da ya sa shi ne, in mota ta sha fiye da kimanin lita 1 a tafiyar mil 1,200, watau wajen kilomita 1,900, to a canza fistin da ringi.

Wannan ya kawo mu ga batun awo. Shan mai kaɗan ba ciwo ba ne, domin wasu kamfanoni ma sun rubuta a littattafan motocinsu cewa har rabin lita a kilomita 1,000 ba laifi. Amma a yi lissafi. Motar da take shan rabin lita a kilomita 1,000, watau kusan tafiyar Kano zuwa Legas, in ana yi mata juye bayan kilomita 5,000 ba a ƙara ko ɗigo a tsakani, za ta rasa lita 2 da rabi daga cikin 4. Ga yadda motar da ba ta da wani mugun ciwo take ƙarewa da bugun injin. Saboda haka kowane mai tsohuwar mota ya nemi ɗan littafi. Ya cika mai zuwa alamar sama ta geji, ya rubuta lambar kilomita, ya riƙa dubawa kowane mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya, a wuri mai daidai, injin a kashe. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa a yawancin ƙananan motoci kimanin lita 1 ce. Cikin wata guda zai san ainihin abin da motarsa take sha, ya kuma gane ko ƙaruwa yake yi.

Akwai wasu dabaru da ya kamata a yi hattara da su. Na farko, zuba mai mai kauri fiye da kima don a rage sha. Injin irin na Peugeot 504 yana zama lafiya da 20W-50, amma injin zamani da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 hanyoyin mansa ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe. In za a ƙara kauri, a tsaya cikin abin da littafin motar ya yarda da shi. Na biyu, cika mai ya wuce alama wai don ya daɗe. Wannan yana sa kiranshaf ya riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Na uku, sayen man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha yin gargaɗi a kan jabun baƙin mai, kuma araha dai ba ta ado.

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai mota yana lissafin kowace naira, kuma ba kowa ne yake da halin yi wa injin garambawul ba. To, ba tilas ne a buɗe injin don kawai yana shan mai ba. A fara da masu araha: a toshe yoyo, a canza bawul ɗin numfashi da filtar iska, a yi juye da filta a kan lokaci. In shan bai wuce kima ba, kuma fulogi ba sa jiƙewa da mai, mota tana iya yin shekaru tana aiki muddin akwai galan ɗin mai a but, irin wanda yake cikin injin. Amma in ta kai ana ƙara lita guda a 'yan ɗaruruwan kilomita, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya turnuƙe na baya, to a sa bakanike ya auna matsin silinda, a soma tanadin gyara tun kiranshaf bai lalace ba.

Direbobin da suka yi zamani da Peugeot ɗin da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 suna da wata ɗabi'a, ba sa murza makulli da safe sai sun ɗaga bonet sun duba mai da ruwa. Aikin bai fi minti 2 ba, kuma bai bukaci komai ba sai tsumma. Wannan ɗabi'a ita muke roƙon masu karatu su farfaɗo da ita, su kuma koya wa yaran mota da 'ya'yansu masu koyon tuƙi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.