Yaronmu ya san dusar ƙanƙara, bai san jaura ba

Da zarar Disamba ta kama, masu sayar da littattafan gwanjo a nan Tamale sukan ɗora wani irin kaya a saman tebur: littattafan yara masu hotuna, bango mai kauri, ciki duk dusar ƙanƙara. Ga yaro da safar hannu, ga mutum-mutumin ƙanƙara da karas a hanci. Daga Ingila da Amurka suke zuwa, kuma da araha, shi ya sa ƙananan makarantun kuɗi ke kwasa. Sai ka ga an sa 'yan KG suna manna auduga a takarda wai ƙanƙara ce, a garin da ko a Janairu zafin tsakar rana kan haura digiri 30.

Ni dai ban ce a zubar da su ba. Akwai na ƙwarai a ciki. Wanda na fi so shi ne The Snowy Day na Ezra Jack Keats, wanda ya fito a 1962, ya ci lambar Caldecott a 1963. Wani yaro ne baƙar fata, Peter, ya fita wasa, ya cusa dunƙulen ƙanƙara a aljihu don ya ajiye, kafin ya kwanta ya duba ya tarar ta narke. Shi ke nan labarin. Abin da ya sa ya daɗe ana karanta shi kuwa, abin da yaron can ke gani a ƙofar gidansu aka zana masa.

To mu fa, wa ya zana wa namu abin da ke ƙofar gidansu? Ai muna da lokacin sanyinmu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ƙura mai yawa da take ɗauko wa daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, inda a da can ruwan tafki ne. Ita ce ke mai da rana kamar faranti, har jirgin Ankara ya kasa sauka wata rana. Kuma harshenmu ya rarrabe abin sosai: ɗari daban da sanyin damina, ga hazo, ga jaura mai shiga ƙashi da asuba, ga kaushi da faso a diddige. Tambayi ɗanka mai shekara biyar ko ya san uku daga ciki.

Kada mu ɗora wa malamai laifi. Akwai harsunan da Gana ta amince a koyar da su a makarantun gwamnati, a nan Dagbani ne, Hausa ba ta ciki. Yaronmu na jin Turanci a aji, Dagbani a layi. In bai ji waɗannan kalmomi a tsakar gida ba, babu inda zai ji su.

Aikin ba ya cin ko sidi ɗaya. A ajiye faranti a taga da dare, da safe yaro ya rubuta harafin farko na sunansa a kan ƙurar. A jiƙa hankici biyu, ɗaya a iska, ɗaya a ɗaki, a ga wanne zai riga bushewa. In rimi ya fara fashewa wajen ƙarshen ɗari, a tsinto audugarsa a manna, wannan ita ce farar abar da ke sauka daga sama a ƙasarmu. Sannan a yanka kwali, mu 'yan kasuwa ai ba ma rasa shi, a ɗinke shafi shida da zare. Yaro ya yi zane, kaka ta faɗi kalmar, yayarsa ta rubuta: mai shayi da tururi, Inna na shafa masa man kaɗanya, Baba ya naɗe kunne da rawani a kan babur. Masu babbar waya su leƙa African Storybook a intanet, akwai labarai da Hausa kyauta, a ga yadda ake jera shafi.

Shafi ɗaya kam a ware shi don wuta. A zana kaskon garwashi a waje, ƙofar ɗaki a buɗe, a gaya wa yaro dalili: garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci, kuma a wannan iska tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumfa. A maimaita masa shafin nan kullum har hazo ya wuce.