Oba-oba Ta Gida Ce, Kada A Ketare Paga Da Ita

'Yan'uwa fatake da dillalai da masu garke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wayar nan ta oba-oba, wadda na ga ta fara yawa a hannun yaranmu. Wasu sun sayo ta a Kumasi, wasu a Ankara, galibi ƙirar China irin su Baofeng, don tana da araha. Ni dai ina goyon bayan kowane mai gida ya mallake ta domin iyalinsa, amma da sharaɗi biyu: a nemi izini kafin a kunna ta, kuma a bar ta a gida ranar da za a ƙetare iyaka.

Amfaninta ba ya ɓuya. Ba ta son kati, ba ta son kuɗin kira, kuma ba ruwanta da ko akwai sabis ko babu. Ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki ka saurara, shi ke nan. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, amma duk wanda ke kan tasha ɗaya da kai zai ji. A daminar bara wani bijimina ya tsinke igiya ana cikin lodi da asuba, ya faɗa gonar mutane. Wayar yarona ba kuɗi, tawa kuma ba ta shiga. Kafin mu haɗa kai ya yi ɓarnar da sai da na biya. Da akwai oba-oba tsakanina da yaran, da kira ɗaya ya isa kowa ya tare ta ɓangarensa. Haka nan uwargida a nan Dabokpa za ta iya kiran yaro a turke ko a makiyaya ta kusa ba tare da ta aiki kowa ba.

Sai dai kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ku. Ta hannu ba ta cin dogon zango. A cikin gari, inda gine-gine suka tare, da ƙyar ta wuce kilomita 1 ko 2. A fili kan ƙara kaɗan. Wanda ya ce maka za ka kira Buipe ko Walewale daga Tamale da ita, so yake ya ci kuɗinka.

To, ga batun izini. Da yawa cikinmu suna ganin tun da da kuɗinsu suka saya, ba mai ce musu uffan. Ba haka abin yake ba. A Gana iskar da maganar rediyo ke bi tana hannun hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCA, wadda aka kafa a 1996, kuma dokar sadarwa ta 2008 ta ɗora mata raba tashoshi da ba da izinin amfani da su. Ita ce kuma ke tantance irin na'urorin da aka yarda a shigo da su. Matsalar ire-iren Baofeng ita ce suna iya hawa tashoshi barkatai, har waɗanda aka keɓe wa wasu. Yaro na wasa da maɓalli sai ya faɗa kan layin jami'an tsaro ko na masu motar asibiti, kuma mai gida ne zai amsa tambaya.

A Amurka suna da wani tsari da suke kira GMRS. Mutum ya biya dala 35, a ba shi lasisin shekara 10, ba jarrabawa, kuma takardar nan guda ta ishe shi da matarsa da 'ya'yansa da iyayensa. A Turai kuwa akwai ƙananan da ba su wuce rabin wat ba, waɗanda ba a neman musu lasisi. Na kawo wannan ne don mu ga kowace ƙasa da nata tsarin, kuma abin da ya halatta a can ba lallai ya halatta a nan ba. Saboda haka matakin farko ba shago ba ne, ofishin NCA ne na nan Tamale. Ka je da sunan irin da kake son saya, ka faɗa musu aikin da za ka yi da ita, su nuna maka hanya. Ina kuma ba shugabanninmu shawara su je da sunan ƙungiya su nemi a ba mu tasha tamu, a rubuta sunan duk gidan da ya shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sharaɗi na biyu shi ne ya fi damuna, don a nan rai ake magana, ba tara ba. Daga Tamale zuwa Paga kimanin kilomita 200 ne, kuma a nan ƙarfin takardar Gana ya ƙare. Da ka taka Dakola ka shiga hurumin hukumar Burkina Faso, mai suna ARCEP. Kun san halin da ƙasar ke ciki tun 2015 da rikicin masu ɗauke da makamai ya ɓarke, kun san yadda hanyar Jibo, babbar kasuwar shanu, ta toshe tun 2022. Mutanen daji da oba-oba suke magana da juna. Yanzu ka ɗauka an tsayar da motarka a shinge, jandarma ya buɗe jaka ya ga oba-oba, ga ka baƙo, ga kuɗi masu yawa a jikinka, ga makiyayi zaune kusa da kai. Me kake so ya zata? Kafin ka gama bayani mai afkuwa ta afku. Kuma tun watan Janairun 2025 da Burkina Faso da Nijar da Mali suka fita daga ECOWAS, bai kamata wani ya dogara da sassaucin da ya saba gani a da ba.

Wani zai ce ai a daji ne aka fi bukatarta, inda ba sabis. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma asarar saniya ɗaya da ta ɓace ta fi sauƙi a kan mai gida ya kwana a hannun soja a ƙasar da ba shi da kowa.

Abu na ƙarshe, a ja wa yara kunne cewa oba-oba ba ta da sirri. Duk mai irinta zai iya jin ku, har ɓarawon shanu. Kada a ambaci kuɗi, ko ranar tashin mota zuwa Tulaku, ko inda garke zai kwana. Baki shi ke yanka wuya.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.